Yadda Ake Jinyar Mai Murar Infuluwenza a Gida, da Alamomin da Ke Cewa a Tafi Asibiti

Murar yau da kullum a hankali take shigowa: ƙaiƙayin maƙogwaro yau, yoyon hanci gobe, mutum yana atishawa yana harkokinsa. Infuluwenza kuwa faɗowa take yi. Mutum ya tashi lafiya lau da safe, kafin yamma yana karkarwa da sanyi, kai kamar zai tsage, gaɓoɓi da baya na ciwo, ga busasshen tari, ga kasalar da ko miƙewa zaune sai ya yi da ƙyar. Zafin jiki yakan kai digiri 39 ko 40. Yara sukan haɗa da amai ko gudawa.

Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma nau'i biyu ne ke zagaya duniya kowace shekara, A da B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ne cutar ke yi wa tsanani, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 ke rasuwa ta dalilin abin da take yi wa numfashi. Duk da haka yawancin masu kamuwa a gida suke warkewa cikin mako guda. Matsalar ita ce a rana ta farko wanda zai warke da wanda zai galabaita kamarsu ɗaya. Masu jinya sukan zuba wa zazzaɓi ido, alhali ba a nan haɗarin yake ba. A numfashi yake, da kuma lokacin da ake ɓatawa kafin a ga likita.

Ranar farko

Abu na farko, a rubuta ranar da ciwon ya fara da kuma ƙarfe nawa. Maganin da ke yaƙar ƙwayar ya fi aiki idan an fara shan sa cikin awa 48 na farko, kuma tambayar da likita zai fara yi ke nan. A takardar nan za a riƙa rubuta zafin jiki, yawan numfashi, da kowane magani da lokacin da aka ba da shi. Idan mutum biyu ko uku ke karɓa-karɓar jinya, takardar ce ke hana a ba majinyaci magani sau biyu.

Sai a duba ko majinyacin yana cikin waɗanda cutar ta fi yi wa illa: wanda ya kai shekara 65, yaro ɗan ƙasa da shekara 5 (musamman ƙasa da 2), mai juna biyu ko wadda ba ta wuce mako biyu da haihuwa ba, mai asma ko wani daɗaɗɗen ciwon huhu, mai ciwon zuciya, suga, ƙoda, hanta ko sikila, mai ƙiba sosai, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda cuta ko magani. Irin waɗannan ba a cewa bari a ga yadda za su kwana. A nemi likita a ranar, ko da ciwon bai yi tsanani ba. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, da zarar zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa kai tsaye.

Alamomi kaɗai ba sa tabbatar da cewa infuluwenza ce. Korona tana zuwa da irin su, kuma maganinsu daban ne. A wuraren da ake da zazzaɓin cizon sauro, ko idan majinyaci ya dawo daga irin waɗannan wurare, sai an gwada jini, domin ana iya samun cututtukan biyu a jiki ɗaya. Gwajin gaggawa na infuluwenza da ake yi ta hanci yana da nasa aibin: idan ya ce akwai cutar, yawanci gaskiya ne, amma yakan ce babu alhali akwai. Wanda kuma ya taɓa kaji ko tsuntsaye marasa lafiya ko matattu kafin ya kwanta, lallai ya faɗa wa likita, saboda murar tsuntsaye irin H5N1 ta fi wannan kisa nesa ba kusa ba.

Maganin da ke yaƙar ƙwayar

Wanda aka fi amfani da shi shi ne oseltamivir, da aka fi sani da Tamiflu. Babba yana shan miligiram 75 sau biyu a rana har kwana biyar. Yaron da ya kai shekara ɗaya da nauyinsa ake auna masa: miligiram 30 idan bai wuce kilo 15 ba, 45 daga nan zuwa kilo 23, 60 zuwa kilo 40, sai 75 ga wanda ya haura haka, duk sau biyu a rana. Likita ne ke rubuta shi, kuma shi zai rage wa mai ciwon ƙoda. Yakan tayar da zuciya a kwana ɗaya ko biyu na farko. Shan sa tare da abinci yana rage hakan. Mai juna biyu tana iya sha.

Kada a sa rai zai tayar da majinyaci nan take. Ga mai ƙoshin lafiya, kwana ɗaya ko makamancin haka yake ragewa daga kwanakin ciwo. Amfaninsa ya fi fitowa ga masu rauni da waɗanda aka kwantar a asibiti, kuma su ana ba su ko da awa 48 ɗin ta wuce.

Magungunan kashe bakteriya, irin su amoxicillin, ba sa yi wa bairos komai. Shan su tun ranar farko ba ya hana limoniya, wato ciwon huhu, zuwa daga baya. Abin da yake jawowa shi ne gudawa, da ƙwayoyin da ba za su ji magani ba ranar da aka buƙace shi da gaske. Majina ko kaki ya koma ɗorawa ko kore ba hujja ba ce ta fara shan su, haka yake yi ko a murar bairos zalla.

Zazzaɓi da ciwon jiki

Farasitamol ne abin farawa. Babba ya sha miligiram 500 zuwa 1,000 duk bayan awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce 4,000 cikin awa 24. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko mai yawan shan barasa, ƙasa da haka zai sha, bisa shawarar likita. Yaro miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo na nauyinsa, kuma ba a wuce sau huɗu a awa 24. Misali, yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 120 zuwa 180. Idan ruwan maganin mai ƙarfin miligiram 120 ne a kowane mililita 5, zai sha mililita 5 zuwa 7.5 ke nan. A karanta jikin kwalbar kowane lokaci, domin akwai mai miligiram 250 a mililita 5, kuma wanda ya auna ta da ma'aunin waccan ya ninka wa yaro maganin fiye da sau biyu. A auna da sirinji ko ɗan kofin da ya zo da maganin. Cokulan gida girmansu ba ɗaya ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa farasitamol da haɗaɗɗun magungunan mura, na ƙwaya ko na garin da ake damawa a ruwan zafi. Yawancinsu da farasitamol a ciki. Mutum ya sha wannan ya sha wancan, ya wuce iyaka bai sani ba, kuma hanta ba ta nuna ta ji rauni sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Wanda ya gane ya sha fiye da ƙima ya tafi asibiti a lokacin, ko da yana jin garau.

Ibuprofen ma yana aiki, miligiram 200 zuwa 400 ga babba duk awa shida zuwa takwas, bayan cin abinci. Amma ba na kowa ba ne: a kauce masa ga mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, da duk wanda ruwan jikinsa ya ragu. Asfirin kuwa ba a ba wa yaro ko matashi mai wannan ciwo sam, saboda yana iya jawo cutar Reye, wadda ke kumbura hanta da ƙwaƙwalwa.

Ba dole ba ne sai an mayar da zafin jiki digiri 37. Ana ba da magani ne don majinyaci ya ji sauƙi ya iya shan ruwa ya yi barci. A rage masa tufafi, a rufe shi da mayafi marar nauyi. Lulluɓe shi da barguna don ya yi gumi ƙara zafin yake yi, wanka da ruwa mai sanyi ƙarara kuma karkarwa yake sa shi, jikin ya sake ɗaukar zafi.

Ruwa

Zazzaɓi, gumi da saurin numfashi duk ruwa suke janyewa daga jiki, ga shi majinyaci ba ya marmarin komai. Kada a matsa masa da abinci a kwanakin farko, amma ruwa ba a sassauci a kansa. Kurɓi kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi kofi guda a tashi ɗaya. Idan ya yi amai, a jira minti goma a ci gaba da cokali-cokali. Fitsari ne ma'auni: idan yana fita a kai a kai kuma launinsa bai yi duhu ba, ruwan ya isa. Yaron da ya yi awa takwas bai yi fitsari ba, ko yana kuka babu hawaye, ko maɗigarsa ta faɗa, ya wuce jinyar gida.

Idan akwai amai ko gudawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari. Na leda ya fi, a narkar da shi a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Wanda ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Jariri a ci gaba da ba shi nono, ko da uwar ce ba ta da lafiya. Ta wanke hannu ta sa takunkumi.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin kada ya daina don ba ya cin abinci. Ciwo da kansa yana ɗaga suga. Ya riƙa aunawa duk awa uku zuwa huɗu, ya tuntuɓi likitansa.

Numfashi

Nan ne aikin mai jinya na gaske. A ƙirga numfashi sau uku ko huɗu a rana, har da dare, lokacin da majinyaci yake natse, ba yana kuka ko ya gama tari ba. A buɗe ƙirjinsa, a kalli agogo, a ƙirga minti ɗaya cikakke. Ɗagawar ƙirji da saukarsa numfashi ɗaya ne. Ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu ba ya yi ga yara ƙanana, saboda numfashinsu yakan yi sauri ya lafa. Kada kuma a gaya wa babba ana ƙirgawa, zai canza yadda yake ja.

Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a minti ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Idan ya kai 25 yana kwance, a nemi likita a ranar. Idan ya kai 30, gaggawa ce. Zazzaɓi kaɗai yana ɗan ƙara saurin numfashi, don haka idan adadin yana kan iyaka, a sake ƙirgawa bayan maganin zazzaɓi ya yi aiki. In zafi ya sauka numfashi bai sauka ba, huhu ne.

Ban da ƙirge, a kalli yadda ake jan numfashin. Ga yaro, a lura da ƙasan haƙarƙari: idan yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ƙofofin hancinsa na buɗewa, ko yana gurnani a ƙarshen kowane numfashi, a tafi. Ga babba, a sa shi magana. Wanda ba ya iya kai jimla ɗaya ƙarshe sai ya tsaya ya ja numfashi, ko wanda zuwa banɗaki ke sa shi haki, ba ya samun iska yadda ya kamata. Ana cewa leɓe yakan koma shuɗi, amma ga mai duhun fata ba a cika ganin haka ba. A duba harshe, dasashi da cikin leɓe. Idan sun yi fari ko toka-toka, iskar oksijin ta ragu sosai.

Na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana taimakawa idan an san yadda take ruɗi. A ɗumama hannun, a goge jan farce, majinyaci ya huta minti biyar, a maƙala ta a jira har lambar ta tsaya cak. Lamba biyu take nunawa, ta oksijin da ta bugun zuciya, kuma mutane da yawa sukan karanta wannan a madadin waccan. Daga 95 zuwa sama daidai ne. A 93 ko 94 a sake aunawa a kira likita. Daga 92 zuwa ƙasa a tafi asibiti. Sai dai ga masu duhun fata na'urar takan nuna lamba sama da gaskiya da maki kaɗan, ta manya kuma ba ta zama daidai a yatsan ƙaramin yaro. Saboda haka idan na'ura ta ce 96 amma mutum yana haki, a yarda da idon da ke kallon sa.

Akwai alamomin da ba na numfashi ba da su ma ba a jira da su: ciwo ko nauyi a ƙirji, ruɗewa ko magana ba kan gado, barcin da ake tashin mutum da ƙyar, jijjiga, tari da jini, sandarewar wuya, ƙuraje masu duhu da ba sa dushewa idan an danna su, yaron da ya ƙi nono ko ruwa gaba ɗaya, da yaron da ciwon ƙafa ya hana shi takawa. Ciwon ƙirji ga dattijo kada a ɗora shi kan tari kawai. Haɗarin bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, yana ƙaruwa sosai a makon farko na infuluwenza. Tsofaffi ma sau da yawa ba sa zazzaɓi ko kaɗan. Sai dai a ga sun rikice, sun daina ci, ko sun faɗi.

Sauƙin da ke komawa baya

A yadda aka saba, zazzaɓi yakan sauka a rana ta uku ko ta huɗu, ciwon jiki ya bi bayansa. Idan majinyaci ya samu sauƙi kwana ɗaya ko biyu, sai kuma zazzaɓi ya dawo, tari ya yi nauyi da kaki, ga suka a gefen ƙirji idan ya ja numfashi, to wannan ba ragowar mura ba ce. Ƙwayar bairos ɗin takan ɗaye lallausar fatar hanyoyin iska tare da 'yan gashin da ke share datti zuwa sama, sai bakteriya su samu ƙofa a buɗe su sauka cikin huhu. Limoniya ke nan, kuma ita ta kashe da yawa daga cikin mutum kusan miliyan 50 da annobar infuluwenza ta 1918 ta tafi da su. A nan ne maganin kashe bakteriya yake da aiki, bayan likita ya duba. Wannan koma-baya yakan zo ne daidai lokacin da mai jinya ya gaji ya saki jiki, don haka a ci gaba da ƙirga numfashi kwana biyu zuwa uku bayan zazzaɓi ya tafi. Zazzaɓin da ya wuce kwana huɗu bai sauka ba shi ma a kai shi a duba.

Sauran mutanen gida

Mai cutar yana fara yaɗa ta kwana ɗaya kafin ya ji ciwo, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai, kuma kwana ukun farko sun fi haɗari. Yara da masu raunin garkuwa sukan wuce haka. Wanda ya ɗauka yakan fara jin ciwo cikin kwana ɗaya zuwa huɗu.

A ware wa majinyaci ɗaki in da hali. In babu, a bar tazarar mita biyu tsakanin shimfiɗarsa da ta wasu. Mutum ɗaya ya riƙe jinyar, kuma kada ya zama mai juna biyu, tsoho ko mai daɗaɗɗen ciwo. A buɗe tagogi. Idan za a kunna fanka, a ajiye ta bakin taga tana hura iskar ɗakin waje, ba ta kwaso daga kan majinyaci ta watsa wa jama'a ba. Mutane sukan duƙufa wajen goge tebura su bar ɗaki a rufe ruf, alhali ta iska cutar ta fi tafiya.

Mai jinya ya sa takunkumi duk lokacin da zai shiga, N95 in akwai, ya rufe hanci da haɓa ba tare da rata a gefe ba. Majinyaci ma ya sa, sai fa yaro ɗan ƙasa da shekara biyu da wanda numfashi ke yi wa wuya. Takunkumin da ya jiƙe a canza shi, a cire shi ta igiya, a wanke hannu. Wankin hannu da sabulu daƙiƙa 20 ne. Man goge hannu kuma sai sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin 100.

Ƙwayar tana iya kwana ɗaya zuwa biyu a kan ƙarfe da roba. Sau ɗaya a rana a goge mariƙin ƙofa, kan famfo da makunnin fitila: sabulu da ruwa tukuna, sannan ruwan bilic. Idan bilic ɗin mai ƙarfin kashi 5 ne, mililita 20 ake zubawa a cika da ruwa ya kai lita ɗaya, a bar shi a kan wurin aƙalla minti ɗaya. A haɗa sabo kullum, kuma kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki, yana fitar da iska mai guba. Kwanuka da tufafi wankin yau da kullum ya ishe su.

Idan a gidan akwai mai rauni sosai da ya riga ya cuɗanya da majinyaci, a gaya wa likita cikin awa 48. Ana iya ba shi oseltamivir na kariya, sau ɗaya a rana.

Tari, komawa aiki, da allurar riga-kafi

Tari yakan kai mako biyu ko fiye bayan komai ya wuce, kasala ma haka. Ruwan ɗumi da ɗaga kai da matashi suna taimakawa. Zuma ƙaramin cokali ɗaya kafin barci tana rage tarin dare, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Magungunan tari na kanti ba su dace da yara 'yan ƙasa da shekara shida ba, masu kodin kuma ba a ba ɗan ƙasa da 12. Sirace da tafasasshen ruwa ƙuna yake jawowa, musamman ga yara, amfaninsa kuma bai taka kara ya karya ba. Tarin da ya haura mako uku a je a bincika, har da gwajin tarin fuka.

Ana komawa aiki ko makaranta idan an yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da shan maganin saukar da shi ba, kuma jiki yana ƙara sauƙi. A ci gaba da sa takunkumi na wasu kwanaki, a jinkirta motsa jiki mai ƙarfi.

Wanda ya warke bai tsira daga kamuwa a gaba ba, saboda ƙwayar tana sauya kama kaɗan-kaɗan, kuma nau'i fiye da ɗaya ne ke yawo a lokaci guda. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke sake zaɓen nau'o'in da za a sa a allurar sau biyu a shekara, a watan Fabrairu don arewacin duniya, a Satumba don kudanci. Ana yin ta duk shekara daga ɗan wata shida zuwa sama, kuma sai bayan mako biyu take fara kariya. Idan ta dace da ƙwayar da ke yawo, tana rage kamuwa da kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, wanda ya kamu duk da haka kuma ciwonsa yakan zo da sauƙi. Ta allura ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai, don haka ba ta sa cutar; yawanci ciwon dantse da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ne iyakarta. Mai juna biyu tana iya yi a kowane wata na cikin, kuma kariyar tana bin jaririn har watannin farko da bai isa a yi masa ba. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara takwas da ba a taɓa yi masa ba, allura biyu yake buƙata a shekarar farko, da tazarar mako huɗu a tsakani.